ZARTON TEBUR DA HANNUN KAFINTA: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

An buga wannan ɗan littafi domin Hakimai da Malamansu, gama su ne kusa da masu sana'a, kuma maganarsu ce a ke ji a kasuwa da cikin unguwa. Abin da za a yi bayaninsa shi ne injin nan na masu aikin katako da a ke kira zarton tebur, da irin raunin da ya ke yi wa mutane, da dabarun da aka samo na kare hannu daga gare shi.

Yau da wuya a sami gari mai kasuwar katako wanda ba a jin kukan wannan inji a cikinsa tun hantsi har la'asar. Wanda ya taɓa ratsawa ta 'Yan Katako a Na'ibawa cikin Kano, ko makamanciyarta a wani gari, ya san kukan. Idan kuwa aka ga tsohon kafinta da yatsu huɗu, aka tambaye shi dalili, sai ya ce tsautsayi ne, ya ci gaba da aikinsa. Nufin wannan littafi shi ne a nuna cewa zarton nan ya fi hannun mutum sauri nesa ba kusa ba, saboda haka lura kaɗai ba ta isa ba, dole a kafa kariya a jikin injin kansa.

1. SIFFAR INJIN

Tebur ne na ƙarfe ko na katako mai ƙarfi, an tsaga tsakiyarsa, wani faifan ƙarfe mai haƙora kewaye da shi ya leƙo ta tsagin. A ƙarƙashin tebur akwai inji mai juya faifan, ko na lantarki ko na man dizal. A gefe guda akwai miƙaƙƙen ƙarfe da za mu kira jagora, wanda a ke jingina katako da shi don tsagi ya tafi sak. Ma'aikaci ya kan tsaya a gaban tebur, ya tura katako da hannuwansa zuwa ga haƙora.

A nan bambancinsa da zarton hannu ya ke. Da zarton hannu katako ne ke kwance, mutum ke kai masa zarto, in mutum ya tsaya zarto ya tsaya. A zarton tebur kuwa zarto ne ke zaune wuri ɗaya yana ta juyawa, mutum ke kai masa katako, hannunsa yana biye da katakon.

Injin ba sabo ba ne a duniya. Tun cikin 1777 wani mutumin Ingila mai suna Samuel Miller ya karɓi takardar mallakar ƙirƙira ta injin tsaga katako mai zarto kewayayye. Amfaninsa kuwa ba ya ɓoyuwa. Aikin da ƙarti biyu za su wuni suna yi da dogon zarto, inji ya kan gama shi tun rana ba ta take ba, kuma da shi a ke samun katakon rufi da ƙofofi da bencin makaranta da sauƙi. Don haka ba mai nufin a hana shi. Abin da a ke so shi ne a san halinsa.

2. SAURINSA DA SAURIN MUTUM

Faifan da aka fi sa wa ƙananan injuna faɗinsa inci 10 ne, yana kuwa juyawa wajen sau 4,000 cikin minti ɗaya. To, Malamai su ɗauki alkalami. Idan faifan yana da haƙora 40, watau haƙora 160,000 ke wucewa ta wuri ɗaya a kowane minti, fiye da 2,600 ke nan a sakan ɗaya. Gudun kowane haƙori ya zarce mil 100 a awa.

Shi kuwa mutum lafiyayye, daga sa'ad da idonsa ya ga hatsari zuwa sa'ad da ya janye hannu, ya kan ɗauki wajen rubu'in sakan. Cikin wannan rubu'i haƙora fiye da 600 sun riga sun wuce. Kafin ya ji zafi, aikin gama ya gama. Wannan ba laifin wane ko wane ba ne, iyakar halittar ɗan Adam ke nan.

Har wa yau zarto ba ya yanka kamar wuƙa. Wuƙa raba nama ta ke yi gida biyu, likita ya haɗa ya ɗinke. Zarto kuwa cinye abin da ya bi ya ke yi, kaurin wajen milimita 3 ya zama gari, ko katako ne ko nama da jijiya da ƙashi. Shi ya sa rauninsa ke da wuyar gyara. Likitocin Amurka masu auna nakasa su kan lissafa babban yatsa shi kaɗai a kan kashi 40 cikin 100 na amfanin hannu. Wanda ya rasa shi, riƙon guduma da fartanya da alkalami duk sun zame masa aiki, iyalin da ke ci daga wannan hannu kuwa su ma sun ji a jikinsu.

3. HANYOYIN DA RAUNI KE AUKUWA

Hanya ta fari, wadda ta fi kowace mamaya, ita ce harbi. Ga yadda ya ke. Haƙoran gaban faifai, waɗanda ke tsaga katako, ƙasa su ke nufa. Na baya kuwa tasowa su ke yi daga cikin tebur, su nufo sama, su nufo wajen ma'aikaci. Muddin tsagin da aka yi yana buɗe, haƙoran baya ba su taɓa komai. Amma idan katako ɗanye ne, ko karkatacce, ko jagora ta goce, ko haƙora sun dakushe, tsagin ya kan matse faifai ta baya. Nan take haƙoran baya su cafki katakon, su ɗaga shi, su jefo shi ga mai turawa. Ya kan sami mutum a ciki ko a ƙirji ko a fuska. Abin da ya fi muni shi ne hannun da ke danne da katakon ya kan zame ya fāɗa bisa haƙora, wanda ke riƙe da shi ta baya kuwa a fizgo shi cikinsu. Kamar harbin jaki ya ke, ba ya sallama.

Ta biyu ita ce tura ƙaramin katako da yatsu, ko bin dogon katako da hannu har ƙarshen tsagi.

Ta uku ita ce miƙa hannu kusa da faifai don kwashe guntaye ko share garin katako. A tuna cewa bayan an kashe inji faifai ya kan ci gaba da juyawa shiru na wani lokaci, haƙoransa kuwa ba su ganuwa sa'ad da ya ke gudu.

Ta huɗu tufafi ne. Hannun riga mai faɗi, ko bakin rawani, ko safar hannu, duk wanda haƙori ɗaya ya kama, zai jawo mai shi.

Ta biyar ta shafi wuraren da a ke yawan ɗauke wuta. Wuta ta tafi, inji ya tsaya, aka manta ba a kashe makunni ba. Yaro ya sa hannu yana share tebur, ko maigida yana kwance faifai, sai wuta ta dawo.

Kada a ɗauka 'yan koyo kaɗai abin ke samu. Ɗan koyo yana tsoron inji, gwani kuwa tsoro ya fita daga ransa, shi ne ke cire murfi don ya yi sauri. Sabo turken wawa.

4. ABIN DA AKA ƘIDAYA A AMURKA

A ƙasar Amurka akwai wata hukumar gwamnati da aka kafa cikin 1972 don lura da hatsarin kayan da a ke sayar wa jama'a, a taƙaice ana kiranta CPSC. Ta kan tattara labarin masu rauni daga zaɓaɓɓun asibitoci, sa'an nan ta ƙiyasta na ƙasar duka. Bisa ga ƙiyasinta, cikin shekarar 2015 mutum 33,400 aka kai ɗakin gaggawa saboda zarton tebur. Daga cikinsu 30,800 faifai ne ya taɓa su, wajen 4,700 kuwa sun rasa yatsa ko wani sashe na hannu. Idan aka raba wannan da kwanakin shekara, kusan mutum 13 ke nan kowace rana, a ƙasar da injunanta ke fitowa daga masana'anta da murfinsu da littafin gargaɗinsu.

Akwai darasi a nan ga Malamai. Da ba a rubuta ba, da kowane rauni ya tsaya a tsautsayin mutum ɗaya, a yi masa jaje a watse. Rubutu da ƙidaya su suka nuna cewa abin yana bin hanyoyi sanannu, abin da ke bin hanya sananniya kuwa ana iya tare shi.

5. KARIYAR DA KOWANE INJI YA KAMATA YA SAMU

Wuƙar baya. Wannan wani ƙarfe ne lanƙwasasshe kamar lauje, a kan kafa shi daf da bayan faifai, a kan layi ɗaya da shi. Ba ta yanka komai. Aikinta shi ne ta shiga cikin tsagi ta hana shi matsewa, ta kuma tsare haƙoran baya. Kaurinta ya ɗara na jikin faifai kaɗan, amma kada ya kai faɗin tsagin da haƙora ke yi. Hukumar lafiyar ma'aikata ta Ingila ta ce tazarar da ke tsakaninta da haƙora kada ta wuce milimita 8 a daidai fuskar tebur. Ita ce babban maganin harbi. Ƙasashen Turai sun daɗe da ita, a Amurka kuwa daga 2008 ne ƙa'idar masu ƙera injuna ta fara neman a sa ta a sababbin samfura.

Murfi. Wannan hula ce da a ke kifawa bisa faifai, a sauko da ita har ta kusa taɓa katakon da a ke tsagawa. Tana hana hannu faɗawa daga sama, tana kuma tare guntaye masu tsalle zuwa ido.

Sandar turi. Guntun katako ne da aka yi wa gurbi a baki kamar bakin tsuntsu, da shi a ke tura aiki maimakon yatsu. Hukumar nan ta Ingila ta ce tsawonsa ya kai milimita 450, watau wajen inci 18, kuma a yi aiki da shi ga duk katakon da bai kai tsawon ƙafa ɗaya ba, da kuma ƙafa ɗaya ta ƙarshe ta kowane dogon tsagi. Kowane kafinta yana iya sassaƙa shi daga abin da ya ke zubarwa. In zarto ya ci sanda, a sassaƙa wata.

Makunni mai kashe kansa. Akwai irin makunnin da ke faɗuwa da kansa da zarar an ɗauke wuta, ba ya kuwa tashi sai mutum ya danna shi. Masu aikin lantarki sun san shi. Maɓallin kashewa ya zama babba, ja, a inda hannu ko gwiwa za su kai gare shi ba lalube. A Ingila ma an wajabta birkin da zai tsai da faifai cikin sakan 10 bayan an kashe.

Teburin baya. Inda a ke sa yaro ya karɓi katako ta bayan inji, sai a ƙara tsawon tebur har ya kai ƙafa 4 daga tsakiyar faifai, don hannun yaron ya yi nisa da haƙora. Aikinsa karɓa ne, ba ja ba.

Amma waɗannan abubuwa suna da aibi guda, watau ana iya cire su, kuma a kan cire su. Wani ya ce murfi yana tare masa gani, wani ya ce wuƙar baya tana ɓata masa lokaci. Hukumar CPSC ta duba ƙidayarta daga 2004 zuwa 2015, ba ta ga raunuka sun ragu a fili ba, ko da ya ke a tsakanin nan an fito da sabon irin murfi mai sauƙin sawa da cirewa. Wannan ne ya sa wasu suka ce a nemi dabarar da ba ta dogara ga halin mutum.

6. BIRKIN DA KE JIN JIKIN MUTUM

Cikin 1999 wani mutumin jihar Oregon ta Amurka, Stephen Gass, ya samo irin wannan dabara. Lauya ne na sha'anin mallakar ƙirƙira, yana da digirin dakta a ilmin kimiyyar lissafi da motsi, kafinta ne kuma na sha'awa a gidansa. Tambayar da ya yi wa kansa ita ce, ko inji zai iya rarrabe katako da yatsa, ya kuma tsaya kafin ya yi ɓarna?

Amsar tana cikin lantarki. Jikin mutum cike ya ke da ruwa da gishiri, yana ɗaukar lantarki, busasshen katako kuwa ba ya ɗauka. Sai ya sa wata 'yar ƙaramar wuta a jikin faifai, wadda ba ta kai ta ja mutum ba, ya sa wata 'yar na'ura tana tsaronta. Muddin katako a ke tsagawa wutar nan ba ta canjawa. Da zarar fata ta taɓa haƙori, jiki ya sha wani abu daga cikinta, na'urar ta ji ta ragu.

Kusa da haƙora, a ƙarƙashin tebur, akwai curin alminiyum, a bayansa akwai ƙaƙƙarfan sifirin a matse, siririyar waya guda ce ke riƙe da shi. Da na'ura ta ji taɓawa sai ta sako wuta mai ƙarfi ta ƙone wayar, sifirin ya cilla curin cikin haƙora, haƙora su nutse cikinsa su tsaya cik. Ƙarfin gudun da faifai ya zo da shi kuwa shi ke fizge shi ya nutse ƙarƙashin tebur, inji kuma ya mutu. Duk wannan ya kan ƙare cikin abin da bai kai kashi 5 cikin 1,000 na sakan ba. Ƙiftawar ido ta fi shi tsawo sau ashirin ko fiye. Hannun da ke tafiyar ƙafa ɗaya a sakan, milimita ɗaya da rabi kaɗai zai matsa cikin wannan lokaci, saboda haka maimakon yatsa ya fita, sai a sami ƙwarzane.

Gass ya gwada dabarar da yatsansa. Shi da abokansa suka kafa kamfani mai suna SawStop, suka kai injin wani babban bajekolin kayan aikin katako a birnin Atlanta cikin watan Agusta na 2000. A can suka riƙa tura wa faifai wani irin nama da Turawa ke ɗurawa cikin siririyar fata, mai kama da yatsa, faifai ya ɓace, nama ya fito da ɗan tabo. Gani ya kori ji.

7. GARDAMAR DA TA BIYO BAYA

Mai karatu zai zaci masu ƙera injuna sun yi rububin dabarar. Ba haka aka yi ba. Gass ya nemi a riƙa biyansa kaso daga kuɗin kowane inji, su kuwa suka ce birkin zai sa kaya su yi tsada, kuma yana iya tashi ba dalili. Da aka kasa daidaitawa, SawStop ya fara sayar da nasa injuna cikin 2004.

Tun 2003 Gass da abokansa suka kai wa hukumar CPSC takarda suna roƙo a wajabta irin wannan kariya ga kowane zarton tebur. Cikin 2010 wata kotu a birnin Boston ta yanke a biya wani ma'aikacin daɓen katako diyyar dala miliyan 1.5 bayan zarto ya lalata masa hannu, bisa hujjar cewa dabarar kariya tana nan amma kamfanin da ya ƙera injin bai sa ta ba, ko da ya ke an cire murfin injin sa'ad da ya ji raunin. Kamfanin Bosch na Jamus ya fito da tasa dabara, wadda ke fizge faifai ƙasa ba tare da lalata shi ba, amma SawStop ya yi ƙara cewa an shiga haƙƙinsa, cikin 2017 aka hana shigo da injin Amurka. A wannan shekara ce kuma kamfanin TTS na Jamus, mai kayan Festool, ya sayi SawStop.

Hukumar ta buɗe maganar doka a 2011, ta fito da daftari a 2017, ta sabunta shi a 2023. Abin da daftarin ya nema shi ne, in abu mai kama da yatsa ya nufi faifai da gudun mita ɗaya a sakan, zurfin yanka kada ya wuce milimita 3.5. Masu goyon baya suka ce kuɗin jiyya da asarar aiki sun fi kuɗin birki yawa. Masu ƙi suka ce ƙananan injuna za su fi ƙarfin talaka, kuma dokar za ta ba kamfani ɗaya kasuwa. A watan Fabrairu na 2024 SawStop ya yi alkawarin sakar wa jama'a wata babbar takardar mallakarsa ranar da dokar ta fara aiki. Amma a watan Agusta na 2025 hukumar ta janye daftarin. Shekara 22 ke nan ana ja, ba a kai ga doka ba.

A halin nan wasu kamfanonin Turai sun bi wata hanya a manyan injunansu. Altendorf na Jamus ya sa na'urorin ɗaukar hoto masu gane hannu tun daga nesa, Felder na Ostiriya kuma ya yi tasa dabara mai jin kusantowar hannu. Duka biyu suna nutsar da faifai tun ba a taɓa shi ba. Amma injuna ne na manyan masana'antu, masu tsada ƙwarai.

8. IYAKAR BIRKIN, DA ABIN DA YA SHAFE MU

Ya kamata Hakimai su san iyakar wannan birki, don kada a ruɗe su. Ba ya hana harbi. Ba ya hana taɓawa, rage zurfinta ya ke yi, hannun da harbi ya jefa da ƙarfi kuwa yana iya samun yanka mai zurfi. Duk sa'ad da ya tashi sai an sake curin, wanda ya kai wajen dala 100 a Amurka, yawanci kuma sai an sake faifai. Jiƙaƙƙen katako yana ɗaukar lantarki, yana iya tayar da birki a banza, shi ya sa aka yi masa mabuɗin kashewa, in an kashe shi kuwa injin ya koma kamar sauran.

To, yawancin katakon kasuwanninmu daga kurmi a ke kawo shi, wani bai gama bushewa ba. Injuna da yawa kuwa masu walda ne na gida suka haɗa su, faifansu ya fi inci 10 girma, ba kuwa a iya ɗaura musu wannan birki. Makarantar koyon sana'a ko babban kamfani mai hali, in za su sayi sabon inji, ya kyautu su tambayi mai birki, gama yara ne za su tsaya a gabansa. Sauran jama'a kuwa, abin da ke hannunsu shi ne wuƙar baya da murfi da sandar turi da makunni. Mai waldan da ya iya haɗa tebur ya iya ƙera wuƙar baya, in an nuna masa awonta. Birki yana aiki ne bayan yatsa ya taɓa haƙori, waɗannan huɗu kuwa tun kafin ya taɓa. Rigakafi ya fi magani.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar Masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ta wajabta a kange duk sashen inji mai hatsari, kuma a ƙarƙashinta akwai ƙa'idodi na musamman game da injunan aikin katako. Ta ce idan ma'aikaci ya mutu, ko rauni ya hana shi aiki fiye da kwana uku, a sanar da sufeton masana'antu. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta sa masu ɗaukar ma'aikata su riƙa zuba kuɗi a asusun NSITF, daga nan a ke biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki.

9. IDAN RAUNI YA AUKU

A kashe inji tukuna. A danne raunin da tsabtataccen ƙyalle, a ɗaga hannun sama da ƙirji, a ci gaba da dannewa. Kada a zuba baƙin mai ko toka ko ƙasa ko garin katako. Idan yatsa ya fita, a nemo shi, a naɗe shi da ƙyalle mai tsabta mai ɗan laima, a sa cikin leda a ɗaure, sa'an nan a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada yatsan ya taɓa ƙanƙara kai tsaye, kada kuma a jiƙa shi cikin ruwa. A tafi asibiti nan da nan tare da shi, a tuna wa ma'aikatan asibiti allurar sarƙewar haƙora.

Tun 1965 likitoci biyu a Japan, Komatsu da Tamai, suka mayar da babban yatsan da ya rabu da hannu, ya kuwa rayu. Ba kowane yatsa ke komawa ba, ba kuma kowane asibiti ke wannan aiki ba, amma likita ne zai yanke, lokaci kuwa gajere ne. Asibitin da aka fara zuwa shi zai tura mai rauni gaba, kamar zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko asibitin koyarwa mafi kusa.

10. ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI DA MALAMAI

Hakimi ba sufeto ba ne, rufe shago da cin tara aikin Ma'aikatar Ƙwadago ne. Amma uban ƙasa ne, in ya yi tambaya a kan ba shi amsa. Saboda haka ana roƙon waɗannan:

(a) Malamin Hakimi ya rubuta sunayen wuraren da ke da zarton tebur a gunduma, ta hannun Dagatai da masu unguwanni.

(b) A kira shugabannin kafintoci da 'yan katako, a karanta musu kashi na 3 da na 5 da na 9 na wannan littafi.

(c) Idan Hakimi ya kai rangadi kasuwar katako, ya tsaya nesa da inji, ya ce a kashe shi, ya tambaya: Ina wuƙar baya? Ina murfi? Ina sandar turi? In an ɗauke wuta ta dawo, injin nan yana tashi da kansa?

(d) A ja kunnen iyayen gida kada su tsai da ƙaramin yaro a gaban inji, kada kuma ɗan koyo ya taɓa shi sai babba na tsaye.

(e) Malami ya buɗe shafi a littafinsa don raunukan zarto: rana, wuri, shekarun mai rauni, abin da ya ke yi, da kariyar da ke jikin injin a lokacin. A ƙarshen shekara a aika jimla ga Majalisar Sarki da ofishin ƙwadago.

Muna fata Hakimai za su sa a yi ta maimaita wannan bayani har ya kai ga yaron shago mafi ƙanƙanta, gama shi ne hannunsa ya fi kusa da haƙora. In kunne ya ji, jiki ya tsira.